Keken da ba shi da sirdi

Ranar Lahadi na sayo shi, ranar da Hajiya take kirana ta bidiyo bayan la'asar. Na jingina shi da bango a falo, ban ma lura yana fitowa ta bayana ba. Muna cikin gaisawa ta ƙura ido ta ce, "Wai mene ne wancan? An sace maka sirdin ne?"

"A'a Hajiya, haka ake ƙera shi."

"To a ina ake zama?"

"Ba a zama."

Ta yi jim, sannan ta ce, "Kuma kuɗinka ka sa ka saya?" Na ce eh. Ta ce Allah ya shirya, muka koma zancen bikin 'yar ƙanwarta.

Ni dai ba baƙon keke ba ne. A Zariya na koya, a keken haya, tun ƙafata ba ta kai feda daga kan sirdi, sai dai in zura ta ƙarƙashin kara in karkace kamar ƙaguwa. Kafin in gama firamare ina sakin hannu daga bakin layinmu har masallaci. Da karatu ya kawo ni Edinbura, aiki kuma ya zaunar da ni, na sayi keken tsere na titi, mai lanƙwasasshen kai da siraran tayoyi, na yi shekara biyar kusan duk Asabar ina cin kilomita 80 zuwa 100 tare da abokai. Da a lokacin wani ya tambaye ni ko na iya keke, dariya kawai zan yi masa.

A watan Agustan 2023 hukumar kekuna ta duniya, UCI, ta tattara gasannin duniya har 13 ta kawo su Sikotilan a lokaci guda, yawanci a Gilasgo. Abin da ya kai ni shi ne tseren titi na maza, wanda ya tashi daga Edinbura ya ƙare a Gilasgo, wanda Mathieu van der Poel ya ci duk da ya sha ƙasa a wata kwana ana dab da gamawa. Ka tsaya a bayan shinge ka yi ta jira, su zo su wuce fuu, ka sake jira. Bayan 'yan kwanaki wani abokin aiki ya ja ni filin Glasgow Green, wai in zo in ga masu tirayal, wato wasan hawa kan duwatsu da kututturai da keke ba tare da dire ƙafa ba. Na tarar an zube kututturai da manyan duwatsu da tubalan siminti, kamar inda aka fara gini kuɗi suka ƙare. A saman wani kututture ga wani saurayi tsaye a kan tayar baya kaɗai, tayar gaba a sama, yana ɗan tsalle-tsalle a wuri guda yana auna wani dutse da ido. Ya duƙa, ya harba, sai ga shi a can, a kan tayar bayan dai, a wurin da faɗinsa bai fi faranti ba. Ba wanda ya wuce fuu. Jack Carthy ɗan Birtaniya ne ya ci ajin maza na taya mai inci 26, Nina Reichenbach 'yar Jamus ta ci na mata, ni kuma na koma gida da wani abu yana cin raina: duk abin da na gani a filin nan, ko ɗaya ba zan iya ba, har da tsayuwar da suke yi don su huta.

Dokar wasan ba ta da wuya. Filin kashi-kashi ne, kowane kashi ana ba mahayi minti 2. An yanka kashin gida 6, duk gidan da ka ƙetare ba ka dire ƙafa ba kana da maki 10, wanda ya fita tas yana da 60. Ka dire ƙafa sau biyar, ka gama da wannan kashin. A tsarin UCI taya ce kaɗai aka yarda ta taɓa abin da ake hawa. Ko feda ka jingina da dutse, alƙali ya ɗaga maka yatsa. Akwai wata hukumar, BIU, wadda ta yarda a jingina feda ko ƙarfen da ke kare ƙarƙashin keken. Masu wasan suna iya kwana suna musu a kan wanne tsari ya fi, ni kuwa da ko dakali ban gama hawa ba, ba na sa baki.

Asalin abin daga babur ne. A nan Sikotilan tun 1909 ake yin gasar kwana shida ta masu babur a cikin duwatsu da ƙoramu, inda abin da ake ƙirgawa shi ne sau nawa ƙafarka ta taɓa ƙasa. Amma na keke a Kataloniya ta Sifaniya ya samu gindin zama. Pere Pi, wanda ya yi tseren babur kuma yake aiki da kamfanin Montesa, shi ya ƙera wa ɗansa Ot Pi ƙaramin keken da zai riƙa kwaikwayon masu babur da shi, wajen ƙarshen shekarun 1970. A 1983 ya kafa kamfanin Monty, yaron kuma ya girma ya ci gasar duniya sau da dama. Har yau Sifaniyawa ne suka fi yawa a saman ajin taya mai inci 20. Toni Bou ma, wanda ya riƙe kambun duniya na tirayal ɗin babur shekara da shekaru tun daga 2007, a kan keke ya fara.

Wanda ya sayar mini da keken shi ya zama malamina, ba tare da mun yi da shi ba. Mai aikin famfo ne, ya haura hamsin, yana wannan wasa tun shekarun 1990, ƙwaurinsa duk tabo kamar an yi masa tsaga. Ya ce in same shi ranar Asabar a wani filin ajiye motoci bayan shaguna, inda yake tara katakan ɗora kaya. Na je da zumuɗi, ina tunanin katako nawa zan fara hawa. Ya kai ni wani ɗan gangare da ƙyar ido yake ganinsa, ya juya ni ina fuskantar tudu, ya ce, "Hau ka tsaya."

"In tsaya in yi me?"

"Ka tsaya kawai. Zan ƙirga."

Bai kai uku ba ƙafata ta dira. Na sake, biyu. Na sake, huɗu, shi ma da ƙyar, ina ta kaɗa gwiwa kamar mai korar ƙuda. Ni ne fa mutumin da yake cin kilomita 100 kafin azahar. Ya ce, "Kada ka damu, abokina, duk 'yan titi haka kuke. Ba ku kuke riƙe keken ba, gudu ne yake riƙe ku."

Na ji haushin maganar, amma gaskiya ya faɗa, kuma dalilin a fili yake. Keken da yake tafiya in ya karkata hagu, tayar gaba tana ɗan juyawa hagu, tafiyar ta dawo da tayoyin ƙarƙashin nauyinka, sai ya miƙe. Wannan gyaran yana faruwa ba fasawa, rabi hannunka ne yake yi ba da saninka ba, rabi kuma ƙirar keken ce. Shi ya sa sakin hannu yake da sauƙi in kana gudu, shi ya sa kuma yaro mai koyo ake ce masa ya taka da ƙarfi. Da ka tsaya cik, wannan taimakon ya tafi. Dabarar tsayuwa ita ce ka ƙirƙiro 'yar tafiya a wuri guda. Ka karya kan keken kamar rabin kwana zuwa wajen tudu, fedoji a kwance daidai da juna, ƙafarka mai ƙarfi a gaba. Su suna ce mata ƙafar cakulan, ban san me ya haɗa ta da cakulan ba. In ka ji za ka faɗi ta ɓangaren da tayar take kallo, ka ɗan danna feda, keken ya matsa gaba ya shiga ƙarƙashinka. In ta ɗaya ɓangaren ne, ka sassauta, gangaren ya mayar da kai baya. Taku ɗaya ma bai kai ba, ɗan yatsa biyu ne gaba, ɗan yatsa biyu baya. Kuma kada ka kalli taya. Ka sami wani abu a gabanka ka kafa masa ido, kafaɗu a sake. Mai ɗigirgire ba ta kallon tulun da ke kanta, wuyanta ne yake jin inda ya nufa tun kafin ya tafi. Sati shida na yi kafin in cika minti guda, yawanci a bakin ƙofar gida bayan isha'i, maƙwabciyata tana leƙe ta taga.

Abin dariya, masu tseren da suka fi kowa gudu su ma suna wannan tsayuwar. A zagayen katako na cikin ɗaki, irin wanda aka sa wa sunan Chris Hoy a Gilasgo, 'yan tseren gajeren zango sukan tsaya cik a kan gangaren don su tilasta wa abokin karawa ya wuce gaba, saboda na baya yana fakewa daga iska, yana kuma ganin duk motsin na gaba. Abin ya taɓa yin yawa har aka ƙayyade musu daƙiƙa 30. Su dai nasu keken fedarsa a haɗe take da taya, suna iya taka baya. Wanda kuma na fi tunawa da shi tun da na fara wannan abu shi ne mai itacen da yake shigowa unguwarmu da sassafe, kariya ta yi tsiri da kaya har ta fi kansa, yana ratsa rairayi a hankali kamar hawainiya, ba ya sauka. Muna yara ba mu ɗauke shi gwani ba. Gwani a wurinmu shi ne mai sakin hannu.

Da na fara fahimtar tsayuwa sai ƙirar keken ta daina ba ni mamaki. Ba sirdi domin ba a zama, kuma in kana son ka duƙa har ƙugunka ya kusa taɓa tayar baya, sirdi tare hanya kawai zai yi. Giya ɗaya ce, mai laushi ƙwarai: nawa haƙora 18 ne a gaba, 15 a baya, zagayen feda ɗaya yana kai ni kamar mita biyu da rabi. A keken titina, babbar giya tana cin kusan mita 10 a zagaye guda. In ka ce za ka je kasuwa da keken tirayal, mai tafiya a ƙasa da sauri zai iya jera maka. Tayar baya fanƙameme ce, iska kaɗan ake sa mata don ta lotsa ta rungumi bakin dutse, ta kuma yi tsalle kamar ƙwallo. Firiwil ɗin yana da wuraren kamawa sama da ɗari a zagaye guda, yadda da ka taɓa feda sarƙa ta kama nan take.

Amma ran keken yana wurin birki. A titi birki abin rage gudu ne, ana so ya kama a hankali, sannu-sannu. A tirayal ana so ya zama kamar makunnin wuta: ko a kulle ƙam, ko a sake. Da yawa suna amfani da birki mai aiki da ruwa wanda yake matse rim, irin Magura HS33, sannan su ɗauko injin giranda su kankare gefen rim ɗin ya yi kaushi, wasu har su goga masa ɗan kwalta. Ranar da na ga malamina ya kwantar da wili a ƙasa ya dira masa giranda, tartsatsi ko ƙura ban san wanne ya fi tashi ba, sai da na kau da kai. Duk ɗan titi yana lallaɓa rim ɗinsa kamar ƙwai. Sakamakon shi ne birki mai ƙara kamar an taka wutsiyar agwagwa, wanda yatsa ɗaya ya ishe shi. Yatsa ɗaya kuwa ake sawa, manuniya, sauran huɗun suna riƙe da kai.

Bayan tsayuwa sai tsalle a wuri guda da birki biyu a kulle, sannan hawa tayar baya. Wannan langa ce sak, sai dai ƙafar da kake tsalle a kanta taya ce. Ka rataye jikinka a baya, kan keken kusa da cinya, kana ƙananan tsalle don ka gyara duk inda ka karkata. Farkon koyo tsalle goma ne sai numfashi ya ƙare, hannu ya yi tsami, tafin hannu kuma ya yi kanta cikin wata guda. Gwanaye ba sa yawan tsallen. Biyu, uku, sun daidaita. Yawan tsalle alamar ba ka sami wurin zamanka ba ne.

Daga nan ake zuwa abin da duk wasan ya ratayu a kansa, wato harbin feda. Kana kan tayar baya, birki a kulle. Ka bar tayar gaba ta ɗan sauko, ka duƙa, ƙugu ya yi baya. Sai abu uku su faru tare: yatsa ya saki birki, ƙafar gaba ta harbi feda kamar rubu'in zagaye, jiki ya miƙe ƙugu ya tafi wajen kan keken. Keken ya tashi. A sama sai ka tura shi gaba ƙarƙashinka, ƙafafu su miƙa tayar baya inda kake so ta sauka, kuma kafin ta taɓa ƙasa yatsa ya riga ya koma ya kulle. Duk wannan bai kai daƙiƙa ɗaya ba. In ka saki birki da wuri, gaba ta faɗi. In ka makara, ka harbi feda a kulle, ƙafa ta zame, ƙusoshin fedar su sa hannu a ƙwaurinka. Nan na gane inda malamina ya samo tsagarsa, nan kuma na sayi abin kare ƙwauri. Mafi muni shi ne ka makara wajen kullewa. Ya same ni sau ɗaya, wata safiya da aka yi yayyafi: taya ta dira tana juyawa, keken ya fice ta gabana, na sauka da gadon baya, ƙeya ta bugi kwalta. Hular kwano ta tsage, kaina bai tsage ba, alhamdulillahi. Malamin ya tsaya a kaina ya tabbatar ina gane yatsunsa, sannan ya ce, "Ƙafarka ta iya. Yatsanka ne har yanzu ɗan titi."

Shekara biyar ina koya wa ƙafafuna su riƙa juya feda sumul, zagaye 90 a minti, awa uku ba tsayawa, ina ɓuya a bayan na gabana don iska ta rage mini kusan kashi ɗaya cikin uku na wahala. Wannan duk ilimin tattalin ƙarfi ne. Ba abin da ya amfana mini a kan katako, in ban da huhu. A tirayal ƙarfin minti biyu ake zubarwa gaba ɗaya, a cikin harbi goma ko goma sha biyar, sauran lokacin kuma tunani ne da riƙe numfashi. Ya fi kusa da ɗaga ƙarfe da tsallen 'yan motsa jiki.

Masu gangarowa daga dutse, irin waɗanda ake zuwa kallo a garin Fort William da ke nan Sikotilan, su ma suna cin karo da duwatsun da suka fi namu girma, amma maganinsu gudu ne da shokazoba mai lotsawa milimita 200. Suna bi ta saman matsala kafin ta farga. Mai tirayal in zai sauka daga katanga, tsayawa yake a bakinta a kan tayar baya, ya saki kansa a hankali, tayar baya ta fara dira, gwiwa da ƙugu su shanye bugun, sannan gaba ta sauko. Ƙafafunsa ne shokazoba. BMX kuwa, keken nan na tsalle-tsalle da juye-juye, kamar ɗan'uwa yake a ido, taya inci 20, ƙaramin jiki, amma halinsu ya saɓa: ɗan BMX sai ya ɗauko gudu daga nesa, da yawa cikin masu yi a titi ma cire birkin suke gaba ɗaya. Ka ba mai tirayal keke ba birki, ka ɗaure masa hannu. Keken dutse ya shiga gasar Olamfik a 1996, tseren BMX a 2008, tirayal har yau yana waje, kuma ina jin dalilin bai wuce cewa mutum a tsaye yana tunani ba ya sayuwa a talabijin kamar mutum yana wulƙawa a sama.

Yawancin mutanen da suka san wasan ta hanyar Danny MacAskill suka san shi, ɗan tsibirin Skye, wanda yake gyaran keke a wani shago a nan Edinbura lokacin da bidiyonsa na Afrilun 2009 ya karaɗe intanet, yana tafiya a saman shingen ƙarfe mai tsini. Nasa salon na titi ne, taya inci 24, da ɗan sirdi, ya gauraya tirayal da juye-juyen BMX, yana tafiya kamar ruwa. Yana da daɗin kallo fiye da gasa, ban musa ba. Amma ni na fi son na gasar, da ƙarar birkinsa da tsaye-tsayensa, domin a can kana ganin mutum yana shawara da jikinsa a fili, kana ganin lokacin da tsoro ya shige shi. Wasan kuma ba na ganganci ba ne. Martyn Ashton, ɗaya daga cikin manyansa a Birtaniya, ya faɗo a wani nuni a filin tseren motoci na Silverstone a 2013, ya karya ƙashin baya, ƙafafunsa suka daina aiki.

Keken titina yana nan, ina hawansa. Abin da ya canza shi ne a fitilar kan hanya ba na cire ƙafa daga feda, kuma in rami ya fito mini ba zato sai in ɗage keken in tsallake shi. Abokan Asabar suna cewa ina yi musu burga. A kan katako kuwa, bayan shekara biyu, ina hawa uku da aka ɗora kan juna daga gefe, wajen santimita 40 ke nan, a ranar da jiki ya yarda. Gwanayen suna haura mita ɗaya daga tsaye. Akwai wata yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya da babanta yake kawowa filin, ita tana hawa biyar, kuma ita ce ta lura ina kallon taya duk lokacin da zan harba.

In Allah ya kai mu hutun ƙarshen shekara zan kwance shi in sa a kwali in taho da shi gida. Tun da na fara wannan abu nake ganin duwatsun Kufena a ido, da dakalin ƙofar gidanmu, da kwalbatin bakin layi. Na faɗa wa Yaya, na ce ya nemo mini mai walda da ke da giranda, don rim ɗin zai buƙaci sabon kankara kafin lokacin. Ya ce mai walda ba matsala, kwalta ma ga ta nan a titi rana tana narkar da ita kyauta. Sai dai ya ce in taho da sirdi ko a jaka ne, saboda Hajiya ta riga ta gaya wa mutanen gida cewa an cuce ni.